Asalin Ikilisiyar Lutaran ta Numan

Wanda ya tashi daga Birnin Kudu ko Gwaram zai tafi Yola, in ya bi ta Gombe ya wuce Kaltungo, zai iske wani gari a bakin ruwa, daidai inda Kogin Gongola ya shiga Binuwai. Wannan gari shi ne Numan, mazaunin Hama Bachama, Sarkin Bachama. Daga nan har ƙauyukan da ke kewaye, matafiyi zai yi ta ganin majami'u da allo a ƙofa an rubuta LCCN, watau Ikilisiyar Kristi ta Lutaran a Nijeriya. A yau mabiyanta sun haura miliyan 2. Amma farkonta mutum ɗaya ne, baƙo, wanda ya sauka a Numan da akwatin magani. Ga yadda abin ya samo asali.

Tushen labarin yana can ƙasar Jamus. A cikin shekarar 1483 aka haifi wani mutum wai shi Martin Luther. Ya yi karatu mai zurfi, ya zama malamin addinin Kirista a garin Wittenberg. A zamanin nan kusan duk Kiristocin yammacin Turai suna ƙarƙashin Paparoma ne, kuma akwai wata al'ada ta sayar wa mutane takardu, wai a rage musu horon zunubi. Luther ya ga abin bai yi masa ba. A shekarar 1517 ya rubuta batutuwa 95 na jayayya a kan haka. Magana ta yi girma, aka nemi ya janye, ya ƙi, aka fitar da shi daga Ɗarikar Katolika. Waɗanda suka bi shi su aka riƙa kira Lutaran. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya dage a kai shi ne kowane mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da harshen da ya tashi da shi. Don haka ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya kammala littafin duka a 1534. Koyarwarsa ta bazu zuwa arewa, har ƙasar Danmak ta karɓe ta a hukumance a 1536.

Aka yi shekaru fiye da 370 wannan ɗarika ba ta taka bakin Binuwai ba. Wanda ya share mata hanya shi ma Bajamushe ne, sunansa Karl Kumm, an haife shi a 1874. Ya auri wata Baturiyar Ingila, Lucy Guinness, suka ɗora ransu a kan ƙasashen da a da ake kira Sudan, watau tun daga yammacin Afirka har zuwa Kogin Nilu. Kumm bai ɓoye nufinsa ba. Ya ga Musulunci yana yaɗuwa zuwa kudu ta hannun fatake da malamai, sai ya ƙudura a jera tashoshin mishan a cikin kabilun da ke bin addinin gargajiya, kafin Musulunci ya riga shi. A 1904 aka kafa ƙungiyar mishan da aka fi sani da SUM, kuma a shekarar nan Kumm ya iso Nijeriya da abokan aiki uku, suka sauka a Wase.

To, me ya sa ba su nufi Kano ko Katsina ba? Dalili shi ne, sa'ad da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa musu addini ba. Saboda haka jami'an mulki suka riƙa hana 'yan mishan zama a cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, sai 'yan wurare kaɗan. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Sarkin Kano, tana cikin inda aka tsare. Shi ya sa irin waɗannan tsofaffin majami'u suka taru a Filato da Binuwai da Adamawa, ba a tsakiyar ƙasar Hausa ba.

Kumm ya yi ta yawo a Turai da Amurka yana neman mutane da kuɗi. Kiransa ya kai kunnen waɗansu 'yan Lutaran na Danmak. A 1911, a garin Aalborg, wani fasto mai suna Anton Pedersen da abokansa suka kafa reshen SUM na ƙasarsu. Ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu ba, talakawa ne masu ibada suka riƙa tara abin da ya sawwaƙa. Suka zaɓi mutum uku su aika: wani likita, Dokta Niels Bronnum, da matarsa Margaret, 'yar ƙasar Sikotilan, da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose.

A farkon 1913 suka iso Nijeriya. Suka fara zama a Rumasha, a bakin Binuwai, inda SUM ke da gidan renon yaran da aka 'yanto daga bauta, don su koyi Hausa su kuma saba da ƙasa. A nan babban rashi ya same su. Margaret ta haihu, ba a daɗe ba ta rasu. Ga jariri ba uwa, ga zafi, ga sauro. Ba yadda za a yi, sai Dagmar Rose ta ɗauki yaron ta koma da shi Turai. Mutum uku suka zo, ya rage saura ɗaya. Da wani ne, da ya tattara kayansa ya bi su. Bronnum kuwa ya hau ruwa ya ci gaba da tafiya gabas, har ya isa Numan a watan Oktoba na 1913.

Zaɓen Numan ba a banza aka yi shi ba. Yola garin Lamido ne, ba za a bar shi ya zauna can ba. Bachama kuwa mayaƙa ne da Fulanin Adamawa ba su iya mallake su ba a zamanin jihadi, suna nan da sarautarsu da bautarsu ta gargajiya. Ga kuma kogi, wanda shi ne babbar hanyar wancan zamani, jiragen ruwa na 'yan kasuwa suna hawowa da damina in ruwa ya cika.

Bronnum bai fara da wa'azi mai tsawo ba, da magani ya fara. Mai gyambo ya zo a wanke masa, mai ciwon ido ya zo a ɗiga masa, wanda ya warke ya koma gida ya ba da labari. Da haka mutane suka saki jiki da shi. Yana ba da magani yana koyon Bachamanci daga bakin masu zuwa, har ya juya Bisharar Markus zuwa harshensu, aka buga ta a 1915. Ka ga abin da Luther ya yi wa Jamusawa, shi wannan likita ya soma yi wa Bachama.

Bayan magani sai makaranta. Waɗansu 'yan Danmak suka biyo baya, daga bisani 'yan'uwansu na Amurka suka sa hannu. Aka tara yara ana koya musu karatu da rubutu da lissafi. Waɗannan yara su ne suka girma suka zama malamai da masu bishara. Turawan ba su taɓa yin yawa ba, kuma ciwo yakan kore su gida. 'Yan ƙasa ne suka riƙa shiga ƙauye ƙauye da ƙafa, su yi noma da safe, su koyar da yamma. Ta hannunsu aikin ya fita daga Numan ya kai Lamurde da Shelleng da Guyuk da Pella, ya shiga cikin Mbula da Lunguda da Kanakuru da Kilba da sauransu.

A nan wata matsala ta taso. Kowace kabila da harshenta, ba kuma zai yiwu a buga wa kowa littattafai ba. Sai aka koma ga Hausa, wadda fatake suka riga suka kai kasuwannin yankin. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai ta zama harshen wa'azi da waƙa da taro. Har gobe in ka wuce ta kusa da majami'a ran Lahadi, za ka ji 'yan zumuntar mata suna rera waƙa da Hausa, alhali a gida kowace da nata harshen.

Sannu a hankali ragama ta koma hannun 'yan ƙasa. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan Nijeriya. A 1955 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan a Arewa suka haɗa tarayya guda, wadda yau ake kira TEKAN, da 'yan Lutaran a ciki. A 1956 ikilisiyar ta sami cin gashin kanta, shekara huɗu kafin Nijeriya ta sami nata. A 1960 aka zaɓi Akila Todi ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, a 1973 kuma ya zama bishop ɗinta na farko. Bayansa aka yi David Windibiziri, sannan Nemuel Babba, sannan Musa Panti Filibus. Makarantar horar da fastocinsu tana Mbamba, kusa da Yola, an sa mata sunan Bronnum.

Kada mai karatu ya gama wannan da ɗaya ikilisiyar Lutaran da ke kudu, a ƙasar Ibibiyo kusa da Uyo. Ita a 1936 aka fara ta, ta hannun 'yan mishan daga Amurka, jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura can.

Wannan shi ne asalin Ikilisiyar Lutaran ta Numan. Jamusawa suka ba ta suna da koyarwa, mutanen Danmak suka kawo ta, mutanen Adamawa suka rene ta har ta zama tasu. A watan Mayu na 2017, shekara 500 bayan batutuwan Luther, 'yan Lutaran na duniya suka taru a birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, suka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus ya zama shugaban tarayyarsu ta duniya, ya riƙe muƙamin har 2023.