Jikin Ɗan Jatan Laka da Hukuncin da Ake Yanke wa Kogin Thames

Sau biyu a kwana teku takan janye daga Kogin Thames, ta bar laka shimfiɗe a gaɓoɓinsa tun daga cikin birnin Landan har zuwa bakinsa tsakanin Essex da Kent. Cikowar tana kaiwa har Teddington a yammacin birnin, a tsakiyar Landan kuwa ruwan kan hau ya sauka da kimanin mita 7 idan ta yi ƙarfi. A cikin lakar da ruwan gishiri ke taɓawa akwai wata ƙaramar halitta daga dangin jatan lande da ƙaguwa, wadda masana ke kira Corophium volutator. Tsawon babbansa bai cika wuce milimita 10 ba, amma inda laka ta yi masa daɗi akan ƙirga dubbai goma-goma a murabba'in mita ɗaya. Peter Simon Pallas ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1766, Latreille kuma ya kafa jinsin Corophium a 1806. A yau akwai masu ganin cewa zama a gaban madubin ƙara girma ana ƙirga gaɓoɓi da gasu aikin mutanen da ne, tunda gwajin ƙwayoyin gado na DNA yana fitar da sunan halitta cikin hanzari. Abin da wannan maƙala ke tsayawa a kai shi ne cewa sanin ƙirar jikin wannan ɗan jatan bai tsufa ba, kuma duk hukuncin da hukuma za ta yanke a kan lakar Thames, ko za a cike ta, ko a yashe ta, ko a musanya ta da wata, yana rataye ne a kan wannan sani.

Mafi yawan 'yan uwansa a rukunin Amphipoda jikinsu a matse yake daga gefe zuwa gefe, shi ya sa suke iyo a kaikaice. Shi kuwa nasa jikin a ɗan shimfiɗe yake daga sama zuwa ƙasa, dogo, mai dacewa da zaman rami. Bayan kai akwai gaɓa bakwai na ƙirji, kowace da ƙafafu biyu, sannan gaɓa shida na ciki, sai ɗan ƙaramin murfi a ƙarshen wutsiya. Ramin da yake haƙawa yana da siffar harafin U, baki biyu ne, zurfinsa 'yan santimita kaɗan. Laka ba ta tsayuwa da kanta idan an huda ta, don haka ƙafafu na uku da na huɗu suna ɗauke da ƙulluttai masu fitar da wani zare mai yauƙi, da shi yake dafe bangon ramin. A ƙarƙashin gaɓa ukun farko na ciki akwai ƙananan ƙafafun iyo guda shida, waɗanda ke kaɗawa kamar zugazugin maƙeri, suna jawo ruwa ta baki ɗaya su fitar da shi ta ɗayan. Ruwan nan yana bi ta kan mashaƙan da ke maƙale a gindin ƙafafun ƙirji, ta nan yake numfashi a cikin lakar da ƙasa kaɗan da fuskarta ta riga ta yi baƙi don rashin iskar shaƙa. Ruwan dai shi ne ke kawo abinci, domin ƙafafu na biyu suna da dogayen gasu jere masu tace ƙananan ɓarɓashi, na farko kuma su tsefe abin da aka tace su miƙa wa baki. Ga kuma ƙahonnin ji na biyu, manya ƙwarai, waɗanda a jikin namiji kan kusa kai tsawon jikin gaba ɗaya. Da su yake leƙowa daga bakin rami ya karto fuskar laka ya ja ta ciki, inda yake cin ƙwayoyin bakteriya da ƙananan tsirran ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya da ke manne a jikinta.

Wanda ya fahimci wannan ƙira ya riga ya san abubuwa da dama game da laka kafin ya ɗauki awo ko ɗaya. Ya san cewa girman ƙwayar ƙasa zai yi tasiri, tunda gasun tacewa da zaren dafe rami suna aiki ne da laushin laka. A 1937 G. I. Crawford ya yi bitar jinsin Corophium na Birtaniya, ya ware wani nau'i mai kama da wannan ƙwarai ya sa masa suna Corophium arenarium, ya dogara da ƙananan bambance-bambance irin su jerin ƙayoyi a ƙafafun wutsiya. Wani zai ce tsefe gashi ne kawai. Sai ga shi binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa arenarium ya fi zama inda yashi ya fi yawa, volutator kuma inda laka ta fi laushi. Ke nan idan ɗaya ya fara maye gurbin ɗayan a wata gaɓa, ƙasar wurin ce ta canza, ko saboda yasar hanyar jiragen ruwa ko saboda sabuwar katangar da ta karkata gudun ruwa. Littafin Roger Lincoln a kan waɗannan halittu na tekun Birtaniya, wanda gidan adana kayan tarihin halittu na Landan ya buga a 1979, shi ya zama abin riƙo ga masu tantance samfurin da ake ɗebowa daga laka, kuma zanen gaɓoɓi ne cike da shi.

Sai batun haihuwa, wanda a ganina shi ne hujja mafi nauyi. Macen tana da wasu faifai masu gashi a gindin ƙafafun ƙirjinta, waɗanda ke haɗuwa su zama jaka a ƙarƙashin cikinta. A cikin jakar ƙwai ke ƙyanƙyashewa, 'ya'yan kuma su fito da cikakkiyar siffar iyayensu. Babu matakin tsutsa mai yawo a ruwa na makonni, irin wanda ƙaguwa da kawa ke yi har ruwa ya kai zuriyarsu nesa. Gaskiya ne ƙanana da manya sukan fito su yi iyo, musamman da dare, ruwa ya ɗan gusa da su, amma wannan bai kai waccan tafiya ba. Muhimmancin haka ya fito fili idan aka dubi tsarin da Birtaniya ke bi na biyan diyyar muhalli. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta London Gateway, wadda aka buɗe a 2013 a gaɓar Essex, an fasa katangar teku a Stanford Wharf a 2010 don ruwa ya shiga ya samar da sabuwar laka a madadin wadda za a rasa. Irin wannan musanya tana da fatan yin nasara ne idan tsohuwar laka mai rai tana kusa, kamar yadda Mucking Flats ke maƙwabtaka da wurin, kuma idan abin da ruwa zai zubar ya yi laushin da za a iya haƙa rami a ciki. Mai lissafin kadada kawai ba zai ga waɗannan sharuɗɗa ba. Jakar da ke cikin macen ce ke nuna su.

Akwai ƙorafe-ƙorafe a kan wannan matsayi. Na farko shi ne na masu DNA. Tun da Paul Hebert da abokan aikinsa a Jami'ar Guelph ta Kanada suka gabatar da tsarin gane halitta ta ɗan guntun ƙwayar gado a 2003, hanyar ta bunƙasa har ana iya ɗebo ruwa ko laka a fitar da jerin abin da ke ciki. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma yakan tona nau'o'in da ido ba ya bambancewa. Amma jerin da na'ura ke fitarwa ana gwama shi ne da rumbun bayanai, kowane suna a rumbun kuwa wani ne ya fara duba jikin halittar ya tabbatar da ita. Idan ya yi kuskure, na'ura za ta riƙa maimaita kuskurensa. Sunayen ma ba a tsaye suke ba. A 1997 Bousfield da Hoover suka rarraba tsohon jinsin Corophium zuwa jinsuna da dama, suna la'akari da siffofi irin su ko gaɓa ukun ƙarshe na ciki a haɗe suke ko a rabe. Ban da wannan, gwajin DNA ba ya faɗin ko matan suna ɗauke da ƙwai, ko ƙanana sun fi manya yawa, ko halittar rayayya ce a wurin ko ruwa ne ya kawo ɓurɓushinta. Waɗannan ne tambayoyin da ke nuna ko zuriya na ci gaba ko tana ƙarewa.

Ƙorafi na biyu ya fi zurfi, kuma a Landan aka fi bayyana shi da ƙarfi. A wani taron Royal Society, Stephen Jay Gould da Richard Lewontin sun soki ɗabi'ar masana ta ƙirƙiro wa kowace gaɓa labarin amfaninta ba tare da gwaji ba, aka buga maƙalar tasu a 1979. Sukan ya shafi abin da aka faɗa a sama. Gaɓa bakwai na ƙirji da jakar ƙwai gado ne na dangin gaba ɗaya, har kwarkwatar itace da ke zaune a tudu tana da su, saboda haka ba za a ce laka ce ta samar da su ba. Manyan ƙahonnin namiji ma da wuya a ce don karto abinci kaɗai suke, tunda mace na ci da nata ƙanana, shi kuma namiji ne ke barin rami ya yi rarrafe a kan laka yana neman ramukan mata idan ruwa ya janye. Amma hujjar wannan maƙala ba ta buƙatar a san dalilin da ya sa gaɓa ta samu tun asali. Abin da take buƙata shi ne sanin aikin da gaɓar ke yi yanzu, wannan kuwa ana gwada shi. A farkon shekarun 1990 Gerdol da Hughes na Kwalejin Queen Mary da ke Landan sun cire wannan halitta daga wasu ɓangarorin laka a kudu maso gabashin Ingila, sai ƙananan tsirran ruwan da take ci suka ƙaru, lakar ta ƙara kama jikinta, domin yauƙin da tsirran ke fitarwa shi ke ɗaure ta. Sun kuma nuna cewa ɗan jatan yana hana ciyawar gishiri ta Salicornia kafuwa. A Mashigin Fundy na Kanada an ga irin haka ta wata fuskar, inda isowar tsuntsaye masu ƙaura da ke cin sa ta zo tare da ƙaruwar ƙarfin laka. Wato ɗan jatan nan ba kullum yake taimakon mai son gaɓa ta daina zaizayewa ba, kuma masu kare muhalli da ke yabon kowace halitta ba tare da sharaɗi ba ya kamata su lura da wannan.

Akwai kuma masu cewa halitta ce mai juriya, tana rayuwa daga ruwan da gishirinsa ya yi ƙasa ƙwarai har wanda ya fi na teku, don haka ganinta ba shaidar tsabta ba ne. Suna da gaskiya rabi. Juriyar gishiri daban, juriyar guba daban. Dabbar da ke zaune cikin laka, tana cin ta, tana kuma tura ruwanta a kan mashaƙanta, duk abin da ke cikin lakar zai shiga jikinta. Saboda haka ne aka zaɓe ta don gwajin kwana 10 da ake auna gubar laka da shi, har da sinadaran haƙar mai a Tekun Arewa. Thames kuwa ya san guba. An yi shekarar babban wari a 1858, wadda ta sa aka ba Joseph Bazalgette aikin magudanan ƙazanta, a 1957 aka bayyana wani sashe na kogin a matsayin matacce, gyaran matatun ƙazanta na Beckton da Crossness ne ya fara farfaɗo da shi daga shekarun 1960, a 2025 kuma aka kammala haɗa babban ramin ƙazanta na Tideway mai tsawon kilomita 25. Ruwa kan tsarkaka da wuri, amma laka takan riƙe darma da sauran ƙarafa shekaru masu yawa, kuma mazauna cikinta ne ke fara nuna hakan.

Tsuntsayen gaɓa da ke cin hunturu a bakin Thames, waɗanda saboda su aka sanya yankin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000, da yawansu a kan wannan halitta suke kiwo. J. D. Goss-Custard ya nuna a bakin Kogin Ythan na Scotland cewa tsuntsun nan mai jan ƙafa, redshank, yana tsintar ta ne idan ta leƙo, kuma idan laka ta yi sanyi ta daina leƙowa sai ya koma wani abincin. Da Hukumar Filayen Jiragen Sama ta Birtaniya ta yi watsi da shirin gina filin jirgi a bakin kogin a 2014, asarar wannan muhalli da wahalar samar da madadinsa suna cikin dalilanta. Irin wannan tambaya za ta taso a lakar Neja Delta, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna girman gurɓatar mai, kuma za a buƙaci mutanen da za su iya cewa rai ya dawo ko bai dawo ba. Jami'o'in da ke rage darussan nazarin ƙirar jiki don su sayi na'urar DNA, a Landan ko a Najeriya, ya kamata su riƙe duka biyun, su kuma ci gaba da horar da ɗaliban da za su iya bambance volutator da arenarium da idonsu.