Yadda QEMU Ta Koyi Barin Sawu

Duk wanda ya taɓa aiki a cikin QEMU kafin 2010 ya san wahalar DPRINTF. Manhajar da Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003 tana kwaikwayon kwamfuta sukutum a cikin wata kwamfutar, kuma kusan kowace na'ura da take kwaikwaya, katin sadarwa ne ko faifan ajiya, tana da nata layukan buga bayani, wato DPRINTF. A kashe suke. In kana son ganin abin da ke gudana, sai ka buɗe fayil, ka kunna, ka sake harhaɗa manhajar. Da yake kuma a kashe suke, babu mai duba lafiyarsu. Ranar da kake matuƙar buƙatarsu, ranar za ka tarar sun ƙi harhaɗuwa, domin wani ya sauya sunan wani abu tun bara bai waiwaye su ba. Balle mutumin da injinsa ya sandare ana tsakiyar aiki, ba ka isa ka ce masa ya sake gina QEMU ba.

A 2010 Stefan Hajnoczi da Prerna Saxena, dukansu a IBM a lokacin, suka kawo fayil ɗin trace-events da wani ɗan shiri mai suna tracetool. Mai rubuta na'ura layi ɗaya kawai zai rubuta: sunan abin da ya faru, bayanan da za a ɗauka da nau'in kowanne, da yadda za a nuna su. Ya rubuta virtio_blk_req_complete, tracetool ya ƙera masa kod ɗin C mai suna trace_virtio_blk_req_complete, shi kuma mai rubutun ya kira shi a daidai inda faifai ke kammala buƙatar baƙo, wato kwamfutar da ake kwaikwaya. Abin da ke cikin kod ɗin ba ruwansa, ya danganta ne da mazubin da aka zaɓa, wato inda bayanin zai zuba. In an zaɓi nop, fanko ne, mai harhaɗawa ya share shi. In simple ne, ana tara bayanin a ƙwaƙwalwa, a zuba a fayil, daga baya simpletrace.py ya karanto. Akwai mazubin LTTng, sannan Daniel Berrangé ya ƙara na DTrace da SystemTap. Layin nan ɗaya ne, mazubi ne kawai ke sauyawa. A ganina wannan rabuwar ce ta sa tsarin ya ɗore: mai rubuta na'ura ya san abin da ya cancanci a gani, mai gudanar da inji ya san inda yake so a ajiye shi, kuma ba wanda ya shiga gonar wani.

Shi tracetool na farko da harshen shell aka rubuta shi, kuma feɗe layin C da shell aiki ne na gumi. A 2012 Lluís Vilanova da Harsh Prateek Bora suka mayar da shi Python, kowane mazubi da ɗan fayil nasa. Daga nan ƙofa ta buɗe: mazubin ftrace a 2013, na syslog a 2016. A 2016 ɗin kuma aka rarraba trace-events zuwa kowane sashe, domin fayil ɗaya ya kumbura, gyare-gyaren mutane suna ta karo a cikinsa.

Wurin da aka fi shan wuya shi ne TCG, sashen da ke fassara umarnin baƙo zuwa na mai masauki, wato kwamfutar da QEMU ke gudana a kanta. A nan lokaci biyu ne: na fassara, da na aiwatarwa, wanda kan maimaitu sau miliyoyi a kan fassara guda. A 2014 Vilanova ya koya wa tracetool alamar tcg: layi ɗaya ya haifi sawu biyu, ɗaya a lokacin fassara, ɗaya kuma kira ne da ake dasawa a cikin kod ɗin da aka fassara. Wato shiri yana ƙera kod ɗin da shi ma zai ƙera wani kod. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma har yanzu ina ganin girmansa. Sai dai masu bincike ba tulin rahoto suke nema ba. So suke su ƙirga, su tace, su auna nan take, kowa da tambayarsa, abin da ba za a iya tsarawa tun lokacin gini ba. Shi ya sa da Emilio Cota da Alex Bennée suka kawo hanyar jona ƙananan shirye-shirye daga waje a QEMU 4.2, a 2019, masu wannan buƙata suka koma can. A 2022, a fitowa ta 7.0, aka cire alamar tcg daga tracetool, sauran tsarin kuwa ya ci gaba da aikinsa a na'urori.