Ma'aunin Ware Labaran Zane na Manya: Nazari kan Manga bisa Ƙa'idojin Fiƙihun Malikiyya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da ke sa a hukunta cewa labarin zane irin na Japan, wato manga, na manya ne, ta kwatanta dokokin Japan da ƙa'idojin fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Zamfara, ta kuma tabbatar da cewa kaifiyyar nuna abu ita ce asalin ma'auni, maudu'in labari kuwa shi kaɗai ba ya isa hujja.

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da shagunan cajin waya da na masu tura fina-finai a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, har ma da garuruwa irin Nahuce, ya san cewa labaran zane na Japan sun shigo hannun samarinmu ba tare da sun bi ta kantin littattafai ba, balle a ce wani malami ko uba ya duba bangonsu kafin a buɗe. Alhali kuwa jihar Zamfara, wadda ta riga sauran jihohin Arewa shelar faɗaɗa aiki da Shari'a a watan Oktoba na 1999, a zamanin Gwamna Ahmad Sani, ita ce mafi cancantar ta mallaki bayyanannen ma'auni na rarrabe abin da ya dace da yaro da abin da ya keɓanta ga baligi, domin hukuncin da ba a gina shi kan ƙa'ida ba, ko da niyyar mai shi kyakkyawa ce, ƙarshensa son zuciya ne.

Bitar abin da ya gabata

A Amurka, littafin Fredric Wertham na 1954 ya ɗora wa labaran zane alhakin lalacewar matasa, a shekarar da ya fito kuma masu ɗab'i suka kafa wa kansu hukumar tacewa.

Abin da ya fi shafarmu shi ne muhawarar Kano. Tun da littattafan soyayya suka yawaita a ƙarshen shekarun 1980, da fitowar marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, masana suka rabu: Ibrahim Malumfashi ya tsananta suka, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya wajen kariya. Daga baya al'amarin ya fita daga hannun masana ya koma na hukuma, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, sannan a 2007, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, hukumar kuma, da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi ragamarta, ta nemi marubuta su yi rajista. Ba mu musanta ikhlasin waɗanda suka yi haka ba, amma muna da saɓani da usulubinsu, domin mafi yawan ƙarfin muhawarar ya ƙare a kan ko littafi ya wanzu ko kada ya wanzu, aka bar tambayar da ta fi amfani, wato wane ne ya kamata ya karanta shi, kuma a wace shekara. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana da matakan shekaru 12 da 15 da 18, sai dai huruminta fim ne. Sakamakon wannan giɓi shi ne marubutan da ke sakin labaransu ta WhatsApp su ne ke yanke wa kansu hukunci, wata ta rubuta a saman shafi cewa na matan aure ne, ba tare da wani mizani da aka yi ittifaƙi a kansa ba.

Hanyar bincike

An kwatanta matani ne kawai: dokokin Japan da hukunce-hukuncen da aka sani a kansu a gefe guda, littattafan fiƙihun Malikiyya na zaure a ɗaya gefen.

Sakamako

Na farko, rabon da Japanawa ke yi wa mujallunsu, na yara maza da na 'yan mata da na samari da na manyan mata, rabon kasuwa ne. Hukunci yana zuwa ta wasu ƙofofi: sashe na 175 na dokar laifuffuka da ya hana batsa, da dokar kare tarbiyyar matasa ta birnin Tokiyo ta 1964 wadda aka tsaurara a watan Disamba na 2010, da tambarin manya da masu ɗab'i suka fara bugawa a bango a 1991.

Na biyu, wanda shi ne jigon maƙalar, maudu'i ba ya mayar da labari na manya. Hujjarmu ta farko tana cikin zaurenmu. Yaron da ya fara Ahalari da Ishmawi, ya wuce zuwa Iziyya da Risala ta Ibnu Abi Zaid, yana karanta hukuncin janaba da haila da biƙi da abubuwan da ke wajabta wanka tun bai balaga ba, kuma ba a taɓa jin malamin da ya ce a ɓoye masa waɗannan babuka ba, saboda an kawo su da lafazi mai kamun kai, gwargwadon buƙatar hukunci, da nufin gyaran ibada. Haka Suratu Yusuf ta kawo ƙissar matar Azizu, almajiri yana rubuta ta a allo, domin an ambaci abin da ya auku ta hanyar kinaya, aka karkatar da hankali zuwa ga tsarewar da Allah ya yi wa bawansa. Ashe ke nan ambaton sha'awa ko kisa ko cin amana bai taɓa zama illar hani ba a wurin magabatanmu.

Illar tana cikin kaifiyya, a nan ne kuma zane ya bambanta da rubutu. Kalma tana da sutura, domin mai karatu ba ya fahimtar kinaya sai gwargwadon abin da ya riga ya sani, yaro ya wuce ta bai gane ba, babba ya gane ya yi shiru. Zane kuwa ba ya tambayar shekarun mai kallo, abin da ya nuna wa ɗan shekara 40 shi ne ya nuna wa ɗan shekara 9. Saboda haka abin da mai tacewa zai auna a manga abu uku ne masu ganuwa a shafi: ko an bayyana al'aura da raunin jiki ƙarara ko an sakaya su, ko mai zanen ya wuce wurin da gida ɗaya na zane ko ya tsaya yana maimaita shi gida bayan gida, yana matso da ido kusa, sannan ko an nuna aƙibar aikin a kan wanda aka zalunta, ko an ƙawata shi don mai kallo ya ji daɗi. Tsawon tsayawar alƙalami a kan abu shi ne mafi gaskiyar shaida a kan manufar mai shi, domin marubuci yana iya da'awar wa'azi a shafin ƙarshe, amma yawan gidajen da ya kashe a kan alfasha ba ya ƙarya.

Ƙissar Hadashi no Gen ta Keiji Nakazawa, wanda ya tsira daga bam ɗin Hiroshima yana yaro, ta isa misali. Ta fara fita a 1973 a mujallar yara maza, tana ɗauke da zanen ƙonannun mutane mai tayar da hankali. A ƙarshen 2012 hukumar ilimi ta birnin Matsue ta nemi a taƙaita wa ɗalibai ɗaukarta daga ɗakunan karatun makarantu saboda wasu shafuka na ta'asar soja, amma a watan Agusta na 2013, bayan jama'a sun yi ca, ta janye. Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce gare mu, domin idan wani mai zane daga Tsafe ko Nahuce ya zana harin 'yan bindiga da ƙaurar mata da yara don ya zama izina, ma'aunin maudu'i zai hana shi ga yaran da su kansu suka ga abin da idonsu, ma'aunin kaifiyya kuwa zai bar shi, ya nemi a sakaya gawa da tsiraici kawai.

Na uku, tambarin manya ba ya halatta haram. Ko a Japan, kotun Tokiyo ta hukunta shugaban kamfanin Shobunkan a 2004 saboda wata manga, duk da cewa don manya aka buga ta. Matakai uku ke nan: na kowa, na manya, da wanda bai dace da kowa ba. Game da iyakar shekaru kuwa, Suratun Nur ta bambanta hukuncin neman izinin shiga ɗaki tsakanin wanda bai balaga ba da wanda ya balaga, Suratun Nisa'i ta ƙara sharaɗin rushdu kafin a miƙa wa maraya dukiyarsa, mashahurin zancen Malikiyya kuma shi ne cikar shekara 18 idan alamun balaga ba su bayyana ba. Don haka riƙon 18 yana da madogara a mazhabarmu.

Iyakar bincike

Za a ce ba mu ƙidaya masu karatu ba, ba mu kuma shiga hukuncin zanen mai rai ba. Ƙidaya ba ta canza ƙa'ida, mas'alar taswiri kuwa malamai sun daɗe da bambanta mai inuwa da marar inuwa, ba a nan za a sake buɗe ta ba.

Kammalawa

Muna ba da shawara ga Hukumar Hisba ta Jihar Zamfara da masanan Jami'ar Tarayya ta Gusau da ƙungiyoyin marubuta su zauna su rubuta matakan nan uku da Hausa bayyananniya, a sanar da iyaye da masu tura labarai a waya, domin a yi wa kowane littafi hukunci da abin da ke cikin shafukansa, wanda aka yi wa hukuncin kuma ya san illar da aka dogara da ita, ya sami damar kare kansa.