Simintin da Ake Ɗura wa Ƙashin Baya: Daga Amiyan Zuwa Yau

A Gumel ko Gagarawa, idan tsohuwa ta fara rankwafawa tana kukan ciwon baya, abin da ake cewa shi ne tsufa ya kama Iya. Sau da yawa kuwa karaya ce. Bayan mace ta daina al'ada ƙashinta yakan zaizaye daga ciki, har wata gaɓa ta ƙashin baya ta lotse don ɗaga tulu kawai, ko girgizar mota a hanyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Maɗori ya iya karayar hannu da ta ƙafa, amma wannan tana can ciki, inda kara da tsumma ba sa kaiwa.

Simintin da likitoci ke amfani da shi a kan irin wannan karaya ba na gini ba ne. Wani nau'in roba ne, gari da ruwa, da ake kwaɓawa ya daskare cikin 'yan mintuna yana fitar da zafi. Masu haɗa haƙoran roba ne suka fara cin moriyarsa, kafin likitan Ingila John Charnley ya riƙa kafa ƙugun roba da shi wajen 1960.

A 1984, a garin Amiyan na Faransa, Pierre Galibert da Hervé Deramond suka soka allura a ƙashin wuyan wata mata da ƙari ya cinye, suka ɗura masa simintin. Ciwon ya lafa. Suka wallafa aikin a 1987, kuma ba a jima ba likitocin Liyon suka gwada shi a kan karayar zaizayewar ƙashi. Amurka ta karɓa a farkon shekarun 1990.

Nan fa aka gano cewa ɗurawa ba ita ce wahalar ba, inda simintin zai bi shi ne. Cikin gaɓar ƙananan ramuka ne da hanyoyin jini. In an kwaɓa shi tsararo kamar koko, sai ya bi duk kafar da ya samu: ya tsiyaya ta tsagar karayar zuwa faifan da ke tsakanin gaɓoɓi, ko ya koma baya ya danne laka, ko ya shiga jijiyar jini ya zarce huhu. In ya yi kauri da yawa, sai ya dunƙule wuri guda, gefen da bai kai ba ya sake lotsewa. Shi ya sa ake gauraya shi da sinadarin da ke fitowa a hoto, likita na ɗurawa yana kallon allo, ya tsaya da zarar ya ga ya nufi inda bai kamata ba. Da farko an ɗauka yawan simintin ne ke kawo sauƙi. Daga baya hankali ya koma kan shimfiɗuwarsa: ya ratsa dama da hagu, ya taɓa rufin gaɓar da ƙasanta, ya shiga ramukan ya kama su. A 1998 dabarar Mark Reiley ta samu izini a Amurka, inda ake hura balan-balan a cikin gaɓar a buɗe gurbi tukuna, sannan a zuba siminti mai kauri ba tare da matsi sosai ba.

Sai 2009 ta zo da girgiza. Bincike biyu, ɗaya daga Ostireliya ɗaya ƙarƙashin jagorancin Amurka, suka nuna waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi waɗanda aka yi wa na kwaikwayo samun sauƙi ba. A 2016 wani binciken daga Sidni ya nuna amfani ga masu matsanancin ciwo da karayarsu ba ta wuce mako shida ba. Har yau likitoci na gardama a kai.

Wannan mako shidan ne ya fi damuna. Iyar da ke Sule Tankarkar takan shafe su a kan tabarma ana mata gashi da shafe-shafe. Kafin a kai ta babban asibitin Gumel, balle a tura ta Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, gaɓar ta riga ta warke a lotse, kuma wadda ta karye sau ɗaya ta fi kusa da sake karyewa. Hoton baya tun a makon farko, da maganin ƙarfafa ƙashi, su ne abin da ya fi kusa da hannunmu a masarautar Gumel a yanzu.