Kayan katakon Amish

Kayan katakon Amish kayan ɗaki ne, irin su tebura, kujeru, gadaje da kabad, waɗanda kafintocin al'ummar Amish ke ƙerawa a Amurka, musamman a jihohin Pennsylvania, Ohio da Indiana. Amish Kiristoci ne mabiya Jakob Ammann, waɗanda suka ware daga 'yan'uwansu a shekarar 1693, sannan suka fara ƙaura daga Turai zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18.

An san kayan da tsantsar katako mai ƙarfi, kamar na itacen oak, maple da cherry, ba allon garin katako da aka manne da gam ba. Akan fafe gurbi a jikin wani katako a zura bakin wani a ciki, shi ya sa haɗin ba ya saurin kwancewa, har tebur ɗaya ya kai ga jikoki. Wannan ƙarko ne babbar hujjar masu cewa kayan na rage ɓarnar itatuwa, duk da tsadarsu.

Sau da yawa akan ɗauka da hannu zalla ake aikin, amma ba haka ba ne. Yawancin Amish ba sa jawo wutar lantarki daga layin gari, don haka injin dizal ke juya zarto da sauran na'urori ta hanyar matsin iska ko na mai. Yara kan bar makaranta bayan aji na takwas, su koyi sana'a a gaban iyayensu. Ƙarancin gonaki da tsadar filaye sun tura iyalai da dama daga noma zuwa kafinta. Cinikin intanet kuwa galibi dillalai waɗanda ba Amish ba ke yin sa.