Ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙafar keke

Kekunan da iyayenmu suka fara fatauci da su, irin su Raleigh da Phoenix, noti biyu ne ke riƙe kowace ƙafa. Ba sifana, ba cirewa. Da gwanjon Turai ya fara sauka a tashar jiragen ruwan Abijan, kusa da Treichville, sai muka soma ganin kekuna masu ɗan hannu a gefen ƙafa.

Asalinsa Italiya ne. Labarin da ake bayarwa shi ne wani ɗan tseren keke, Tullio Campagnolo, sanyi ya kama shi a kan dutsen Croce d'Aune, yatsunsa suka sandare, ya kasa kwance notin ƙafar baya. A zamanin nan sai an juya ƙafar ake canza giya. Shi ya sa ya nemi dabara, kuma a 1933 ya kafa kamfaninsa a Vicenza.

Dabarar ita ce aksil mai rami, da siririn ƙarfe mai kaurin milimita 5 da ke ratsa shi. Gefe ɗaya noti ne na daidaitawa, ɗaya gefen hannu, sai ƙananan sufurin biyu, tsininsu na kallon ciki. Gindin hannun nan ba a tsakiya yake juyawa ba, ya karkata, don haka idan an kwantar da shi sai ya ja ƙarfen ya matse ƙafar jikin keken. Kwantarwa ake yi, ba murɗawa ba. In bai bar shaida a tafin hannu ba, bai kama ba.

Mu abin da ya fara burge mu lodi ne. A Adjamé yaro ɗaya zai cire ƙafafun kekuna ashirin kafin a sha shayi, motar Maradi ta ɗauki fiye da da. To amma a hanya ƙarafan nan sukan zube, kuma wanda ya haɗa a can yakan murɗa hannun kamar noti. An taɓa dawo wa wani ɗan ƙungiyarmu da keke bayan ƙafar gaba ta fice a gangara, mai shi ya rasa haƙora. Shekara biyu garin nan ba a sayi kayansa ba.

Tun daga nan muke ɗaure kowane ƙarfe a jikin kekensa da robar tube, kuma ba ma sallamar dillali sai ya rufe hannun a gabanmu sau biyu.