Tsohon doki a filin sukuwar hunturu

Da zarar an ɗaure gero, harawa ta hau rumfa, iskar hunturu ta fara busowa, sai dawakin da suka yi damina a turke su fito. Daga Yelu zuwa Gaya, har tsallaken iyaka wajen Kamba, wannan ne lokacin bukukuwan aure da naɗin sarauta, kuma duk inda aka tara mahaya biyar sai an yi sukuwa. Dawaki sun ragu ƙwarai a ƙasarmu, babur ya karɓe aikinsu, amma 'yan kaɗan ɗin da suka rage suna shan wuya a waɗannan watanni uku. Wanda ya fi shan ta shi ne tsohon doki. Ko dai a jera shi da ɗan shekara huɗu a ce su kece raini, ya dawo yana ɗingishi, ko kuma mai shi ya ga ya daina cin tsere ya kai shi kasuwa. A gefe guda kuma uba ya ɗora ɗansa ɗan firamare a kan duƙushin da bai gama sanin linzami ba, don jama'a su ce yaron ya gaji gida. Ni malamin makaranta ne, yaran da ake ɗorawa ɗin nawa ne, shi ya sa na ga ya kamata mu waiwaya mu ga yadda magabata suka ɗauki wannan dabba.

Hunturu bai zama lokacin doki don sha'awa ba. Da damina fadamun Dallol Mawri da na Gulbin Kabi laka ce zalla, doki ba ya ratsa su da kaya. Kurmin bakin Kwara kuma akwai tsando mai sa sammore, ga ƙananan ƙwari masu yaɗa ciwon dawaki, waɗanda ruwa ke rayawa. Mayaƙan ma yawancinsu manoma ne. Sai an yi girbi, ƙasa ta bushe, hatsi ya samu, sannan a buga tambari. Ko Turawa da suka zo wannan lissafin suka bi: Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris na shekarar, kuma tawayen Kobkitanda da Faransawa suka murƙushe tare da mahayan Zarmakoy Awta na Doso a tsakiyar sanyin 1905 zuwa 1906 aka yi shi. Da yaƙi ya ƙare, sai hawan nuni ya gaji lokacin. Hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a Fabrairun 1956 ne, bikin Jamhuriyarmu kuma 18 ga Disamba, wanda Doso ta karɓi baƙuncinsa a 2014, dawakin fada sanye da lifidi. Hawan salla kaɗai ke yawo cikin shekara, don shi wata yake bi.

Mu nan ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. Bayan Birnin Kabi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawa suka koma Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, Dendi da Arewa da Zabarma suka mara masa baya. Baturen nan Barth da ya ratsa kwarin Foga a 1853, kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya tarar ana dafa gishiri amma ƙasar a hargitse take da hare-hare. An samu sulhun da ake kira Lafiyar Toga a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, daga baya wuta ta sake tashi, har Sarkin Kabi Sama ya kori rundunar Sakkwato daga ganuwar Argungu a farkon shekarun 1890. Kusan rabin ƙarni ke nan garin da ba shi da mahaya kwanansa a tsorace yake.

To wane irin doki ne aka dogara da shi a wancan zamani? A fara da kuɗinsa. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno kan ba fataken arewa bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Mummunan ciniki ne, mutane aka sayar, amma yana nuna cewa ba a wasa da ran doki. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara lifidi da sulke da kwalkwali. Duk wanda ya taɓa ɗaga lifidi ya san nauyinsa. A haɗa da sirdi, da namiji ƙosasshe cikin sulke, da mashi da takobi. Duƙushi ba ya ɗaukar wannan, domin ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida. Bayan ƙarfi kuma akwai horo. Dokin yaƙi sai ya saba da ƙarar tambari da kakaki, da warin jini, daga baya da ƙarar bindiga. Ya tsaya cik idan an ja shi, ya juya da matsin gwiwa domin hannun mahayi na riƙe da makami. Wannan ba aikin damina ɗaya ba ne. Kafin shamaki ya ce doki ya nuna, shekaru sun tafi, kuma idan Allah ya tsare shi daga kibiya da cuta, shekarun da zai fi amfani su ne waɗanda samarinmu na yau ke kira tsufa. Zamiya da jafin da muke tafa wa a gaban sarki ragowar wancan horo ne. Gudu kowane doki ya iya shi tun yana bin goɗiya. Tsayawa ake koyarwa.

Su mutanen da ba su da takardar haihuwar doki, baki suke buɗewa. Haƙoran nono na tsakiya suna faɗuwa a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Daga nan sai a duba yadda suke cinyewa da yadda suke miƙewa gaba. Ina tambayar ɗalibaina waɗanda gidansu akwai doki ko sun san wannan, da wuya in samu mai ɗaga hannu. Sun san lambar kowane babur da ke shigowa daga Malanbil.

Rarrabe dawaki kafin tsere ma ba baƙon abu ba ne gare mu. A hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya shirya tsere kashi biyu: dawakin da aka yi wa horo na musamman suka yi doguwar tafiya daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba suka yi gajera. Abu Dawuda kuma ya kawo ruwayar da ke nuna an ƙara wa dawakin da bakinsu ya cika nisan fage. Wato an duba shekaru, an duba shiri, ba a tara kowa da kowa a layi ɗaya ba. Malamanmu na allo sun san wannan. Masu shirya sukuwa ne ba su tambaye su ba.

Turawa ma daga barikin soja suka ciro wata gasa mai jarrabawa uku, wadda Faransawa ke kira konkur komple. Doki ɗaya da mahayi ɗaya za su nuna ladabi da biyayya a fili, sannan su ratsa daji a guje suna tsallake gungume da rami da ruwa, sannan su dawo su tsallake shingaye. Ta shiga wasannin Olamfik a 1912 a Sitokholm, hafsoshin soja kaɗai ke yin ta a lokacin, mace ba ta shiga ba sai 1964. Yau manoma da malaman makaranta irina suna yin ta a ƙauyukansu don sha'awa. Abin da ya ja hankalina shekarun dawakin ne. A Olamfik ba a karɓar wanda bai kai takwas ba. Wani ɗan ƙaramin doki mai suna Charisma, wanda Mark Todd na Niyu Zilan ya hau, ya ci zinariya a 1984, ya sake ci a 1988 yana da shekara 16. Sam, dokin Bajamushe Michael Jung, ya ci a Landan a 2012, ya maimaita a Riyo a 2016, shi ma yana 16. A kasuwar dabbobi ta nan, doki mai waɗannan shekarun dillali ko kallonsa ba zai yi sau biyu ba. Kuma a manyan gasannin nan, kafin a fara da bayan gudun daji, sai an ja kowane doki ya yi sassarfa a gaban alƙalai da likitan dabbobi. Mai ɗingishi ya koma gida, ko na wane ne.

Su sanyinsu lokacin rage aiki ne, ƙasa ta yi laka ko ƙanƙara, sai ƙananan gasanni a fili mai yashi. Mu namu shi ne tsakiyar aiki, don haka tsohon dokinmu ya fi nasu bukatar lura. Ƙasar hunturu tauri gare ta kamar daɓe, tana dukan gaɓoɓi. Ƙura na sa tari, musamman idan harawar ma ƙura ce. Da sanyin safiya jijiyoyin tsoho a sandare suke, mai hankali yakan yi kilisa a hankali har jiki ya ɗumama kafin ya saki linzami. Haƙoran da suka cinye ba sa niƙa dawa, za ka ga ƙwayar ta fito a kashi yadda ta shiga. Maganin a jiƙa dusa, a ɗan yayyafa wa harawa ruwa. Doki ba ya son shan ruwa mai sanyi ƙwarai, rashin sha kuma ke kawo ƙullewar ciki, shi ya sa tsofaffin 'yan barga ba sa rabuwa da kanwa da gishirin Foga. Ba wani ilmin waje a nan, duk a bargar kakanninmu ake yin su.

Inda nake saɓa wa wasu abokaina shi ne masu cewa a bar tsohon doki a turke ya huta. Dokin da ya saba aiki, idan aka ɗaure shi wata da watanni, naman bayansa zubewa yake yi, ƙafa ta kumbura, ya lalace da wuri. Matsalar ita ce sukuwarmu gudu kaɗai take aunawa. Da masu shirya hawa, hakimai da kwamitin matasa, za su ware zagaye na dabam ga dawakin da suka haura shekara goma sha biyu, a gajarta fagen, a ƙara da jarrabawar tsayawa da juyawa da ratsa taro ba tare da firgita ba, da an ga wanda ya san doki da wanda ƙaimi kawai ya iya. A ja kowanne a gaban ma'aikacin kiwo kafin a fara, kamar yadda waɗancan ke yi. Muna da su a Gaya.

Ga iyaye kuma, yaron da bai iya ba da dokin da bai iya ba haɗari ne ake kallo. Hausawa sun ce tsohon doki mai wayo ne: ya san rami, ya san ƙarar ganga, idan yaro ya zame yakan rage gudu da kansa. Hawan hunturu yana faɗowa ne a tsakiyar zangon karatu, kuma yaron da ya karye a hannun dama a Janairu, ɗori ba ya sakinsa sai an yi nisa da shirin jarrabawa. A ɗora shi a kan wanda bakinsa ya daɗe da cika, a sa wani babba ya riƙe ragama zagayen farko, a bar duƙushin ga yayyensa.